An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Famfon Sharar Tawada da Cututtukansa

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ratsawa ta shagunan buga takardu da ke cikin jami'o'in ƙasar nan a ƙarshen zangon karatu ya san irin cinkoson da ake yi a wurin. Ɗalibai 'yan ajin ƙarshe kan yi layi, kowa na son a buga masa kundin bincikensa kafin wa'adin miƙawa ya cika. Ana cikin haka sai firinta ta fara fitar da takarda mai ratsi-ratsi: layin rubutu ya tsinke a tsakiya, jan launi ya ɓace, hoton ganyen da ɗalibi ya ɗauko ya fito kamar fara ta yi kiwo a kansa. Mai shago ya umarci na'urar ta wanke kanta, ta yi gurnani na minti biyu, a sake bugawa, jiya i yau. Ya maimaita sau biyar, sau goma, babu wani sauyi. Daga nan sai a yanke hukuncin cewa kan feshi ya mutu. Kan feshi kuwa shi ne ɓangare mafi tsada a jikin firinta, har ma a wasu samfurorin kuɗinsa ya kusa kai kuɗin sabuwa. Don haka sai a jingine na'urar a lungu, mai shago ya yi asarar jari, ɗalibi ya yi asarar lokaci.

A lokuta da dama an bar jaki ne ana dukan taiki. Kan feshin lafiyarsa lau, abin da ya gaza shi ne wani ɗan famfo da ke ɓoye a kusurwar na'urar, wanda aikinsa shi ne tsotse tawadar da ta lalace ya zubar. Wannan maƙala za ta bayyana yadda famfon yake aiki, da yadda za a bi shi gaɓa-gaɓa a gano inda cutar take kafin a taɓa aljihu. Mai karatu zai ga cewa ilimin da ake buƙata ba baƙo ba ne ga wanda ya zauna a ajin ilimin halittu, domin famfon nan hanjin dabba ya kwaikwaya.

Dalilin da Firinta ke Buƙatar Famfo

Firinta mai fesa tawada ta shiga kasuwa sosai a shekarun 1980. Kamfanin HP ya fitar da ThinkJet a 1984, Canon ya biyo da tasa a 1985, sannan Epson ya fito da Stylus 800 a 1993. Hanyoyin feshin iri biyu ne. HP da Canon suna ɗumama tawada da wani ɗan mitsitsin murhu har zafinsa ya kai kimanin digiri 300 a cikin ƙiftawar ido, sai kumfar tururi ta taso ta tunkuɗo ɗigo waje. Epson kuwa yana amfani da wani sinadari da ke lanƙwashewa idan lantarki ya ratsa shi, sai ya matso ɗigon. Ɗabi'ar irin waɗannan sinadarai 'yan'uwa biyu ne Faransawa, Pierre da Jacques Curie, suka fara gano ta a 1880.

Kowace hanya aka bi, tawadar ta wasu hudoji take fita waɗanda sun fi silin gashin kan mutum siranta. Ɗigon da ke fita daga cikinsu da fikolita ake auna shi, wato kashi 1 cikin miliyan sau miliyan na lita. Ɗigon ruwa guda da ya faɗo daga bakin sirinji zai iya kasuwa zuwa irin waɗannan ɗigogi fiye da miliyan 10. Hudar da ta kai wannan ƙanƙanta abubuwa biyu ke kashe ta: busasshiyar tawada da kumfar iska. Mafi yawan abin da ke cikin tawada ruwa ne, tare da launi da sinadarai irin su giliserin masu hana ta saurin bushewa. Idan ruwan ya ƙafe a bakin huda sai launin ya daskare ya toshe ta. Idan kuma iska ta shiga, sai duk matsin da aka yi ya ƙare a kan kumfar, domin iska tana matsuwa, ɗigo kuma ya ƙi fita.

Maganin duka biyun shi ne a tsotso tawada da ƙarfi ta cikin hudojin, ta yi awon gaba da daskararren launi da kumfa. Wannan tsotso shi ne abin da ake kira wanke kai, kuma famfo ne ke yin sa. Ashe ke nan idan famfon ya gaza, umarnin wanki ya zama gurnani kawai. Ya kamata a lura cewa wasu ƙananan firintoci, waɗanda kan feshinsu ke haɗe da kwalin tawada ana sauya su tare, ba su da famfo, tofarwa kawai suke yi a goge. Bayanin da ke tafe ya shafi masu dawwamammen kai ne, irin masu tankin tawada a gefe da suka cika shaguna tun bayan da Epson ya fara fitar da su a ƙasar Indunusiya a 2010.

Hanjin da ke Cikin Na'ura

Raƙumi kan sunkuyar da kansa har ƙasa ya sha ruwa, ruwan kuma ya haura dogon wuyansa ya isa ciki. Abin da ke haurar da shi shi ne tsokar da ta zagaye bututun abinci: takan tsuke a bayan kurɓin da aka haɗiya, ta saki a gabansa, tsukewar kuma ta riƙa gangarawa kamar igiyar ruwa tana tura abin da ke ciki gaba. Haka hanji ke tafiyar da abinci, haka bututun da ke tsakanin ƙoda da mafitsara ke tura fitsari, da irin wannan motsi kuma tana ke ratsa ƙasa. Masana na kiran sa feristalsis. A 1899 wasu masana biyu a birnin Landan, William Bayliss da Ernest Starling, suka bayyana ƙa'idarsa bayan gwaje-gwajen da suka yi a kan hanjin karnuka. Mai tatsar saniya ma da wannan dabara take aiki: ta damƙe saman hantsa don kada madara ta koma, sannan ta gangaro da matsin zuwa ƙasa.

Injiniyoyi sun ɗauki dabarar suka mai da ita famfo. Akan kwantar da tiyon roba mai laushi a cikin wani zagayayyen gida, a sa faifai a tsakiya mai ɗauke da 'yan tayoyi. Idan faifan ya juya, taya kan danne tiyon a jikin bango ta yi tafiya a kansa. Abin da ke gabanta ya turu, tiyon da ta bari a baya kuma ya buɗe ya koma siffarsa, buɗewar nan ita ce ke jawo sabon ruwa. A 1881 wani Ba'amurke mai suna Eugene Allen ya yi rajistar irin wannan famfo domin ƙarin jini. A 1932 Michael DeBakey, yana ɗalibin likitanci a Jami'ar Tulane, ya inganta shi, kuma irinsa ne aka sa a na'urar da ta tsaya a madadin zuciya da huhu lokacin da John Gibbon ya yi nasarar buɗe zuciyar wata matashiya a birnin Filadelfiya a 1953. Wanda ya taɓa raka maras lafiya wankin ƙoda ya ga famfon yana juyawa a gaban na'urar, jini na bin tiyo.

Abin da ya sa likitoci suka so shi shi ne ruwan da ake turawa ba ya taɓa komai sai cikin tiyo. Wannan dalilin ne ya sa masu ƙera firinta suka zaɓe shi. Amma a nan ne kuma rauninsa yake: ƙarfin tsotson gaba ɗaya ya dogara ne ga lafiyar tiyon, da kuma kasancewar babu inda iska ke kutsowa.

Zango Huɗu na Sharar Tawada

Likita ba ya duba ciwon ciki sai ya san hanyar da abinci ke bi. Haka mai gyara, wajibi ne ya san zangon da shara ke ratsawa, kuma guda huɗu ne.

Na farko shi ne murfi. Wani ɗan akushi ne mai leɓen roba da soso a ciki, yana gefen da kan feshi ke komawa ya huta, galibi hannun dama. Idan kan ya iso, murfin kan ɗago ya manne a ƙasansa ya rufe hudojin ruf. Kusa da shi akwai magogi, wani ɗan falle na roba da ke share fuskar kan.

Na biyu shi ne tiyon da ya fita daga gindin murfi ya shiga famfo. Na uku famfon kansa, tare da fayafai masu haƙora, waɗanda makanikai ke kira giya, da ke kawo masa juyi. A firintoci da yawa famfon ba shi da injin kansa, injin da ke jan takarda ne ke juya shi. Idan ya juya ta wannan fuska tayoyin kan danne tiyo a yi tsotso, idan ya juya ta waccan sai su ja da baya su sake shi, don kada robar ta kwana a danne.

Na huɗu shi ne soson shara, wato tulin auduga matsattsiya da ke kwance a gindin na'urar tana shanye abin da famfo ya zubo. A sababbin samfurori an mai da shi akwati da mai firinta zai iya zarewa ya sauya da kansa.

Gwaje-gwaje Uku

Kafin komai, sai a buga shafin gwajin hudoji, a yi wanki sau ɗaya, a sake bugawa, a jera takardun biyu. Idan gibin da ke cikin zanen ya ragu ko ya sauya wuri, akwai tsotso, ko da mai rauni ne. Idan takardun sun fito tamkar tagwaye bayan wanki biyu ko uku, to a dakata haka nan, a juya ga famfo.

Gwaji na farko na ruwa ne. A kunna firinta, da zarar kan feshi ya baro mazauninsa sai a zare waya daga bango, a tura kan zuwa tsakiya da hannu a hankali. A ɗiga tataccen ruwa ko ruwan wanke kai a cikin murfi har ya cika, ba tare da ya malala ba. A mai da kan, a mai da wuta, a ba da umarnin wanki, sannan a sake dubawa. Idan ruwan ya tafi, famfo na ja kuma tiyo a buɗe yake, sai zargi ya koma kan leɓen murfi. Idan ruwan na nan kwance, cutar tana tsakanin gindin murfi da soso.

Gwaji na biyu na sirinji ne. A mai da kan feshi mazauninsa, a ciro ƙarshen tiyon da ke zuba a soso, a haɗa shi da sirinjin da ba allura, a ja a hankali. Sai dai a tabbata tayoyin famfo sun saki tiyon, in ba haka ba za a ji tauri a zaci toshewa ce alhali dannewa ce. Sakamakon ɗaya ne cikin uku. In an ji ɗan tauri sannan tawada ta biyo, hanya lafiya take tun daga kai har ƙarshe, saura a binciki juyin famfon. In sirinji ya taho sakayau da iska zalla, akwai ɓaraka: ko murfi bai manne ba, ko tiyo ya zame, ko ya tsage. In kuwa ya yi tauri ya ƙi tahowa, ko ya koma da kansa da aka sake shi, toshewa ce. Domin a san inda take, sai a janye kan daga murfi a sake ja. Idan hanya ta buɗe, toshewar a kai take ko a ƙofar iskar tankin tawada. Idan taurin bai gushe ba, a tiyo take. Ja kawai ake yi, ba a tura iska ta wannan hanya, domin za ta shige cikin hudoji ta ƙara ɓarna.

Gwaji na uku na ido da kunne ne. A buɗe marfin na'urar a kalli giyar famfo yayin wanki. Lafiyayyen famfo juyinsa bai-ɗaya ne, sautinsa ma haka. Ƙara mai ƙas-ƙas alama ce ta haƙorin da ya karye ko yake tsallake ɗan'uwansa. Idan injin na kuka amma faifan famfo na tsaye, juyin bai iso gare shi ba.

Cututtukan da Maganinsu

Toshewar tiyo ita ce ta fi yawa, musamman a na'urar da ta daɗe a ajiye, ko mai amfani da tawada mai garin launi, irin farar tawadar masu buga riguna wadda garinta ke kwantawa. A nan akwai wata ƙa'ida da ta cancanci a tsaya a kanta. Wani likita Bafaranshe, Jean Poiseuille, ya yi nazarin gudanar ruwa a siraran bututu a wajajen 1840 domin ya fahimci tafiyar jini. Ya gano cewa idan faɗin bututu ya ragu da rabi, ruwan da ke wucewa kan ragu zuwa kashi 1 cikin 16, muddin ƙarfin turawa bai sauya ba. Wannan ne ya sa ɗan kitsen da ya taru a jijiyar zuciya ke galabaitar da mutum, kuma shi ne ya sa tiyon da tawada ta yi wa ɗan ɓawo a ciki ke kashe tsotso tun bai toshe gaba ɗaya ba. Magani shi ne a cika murfi da ruwan wanki, a bar shi ya jiƙa, a riƙa ja da sirinji daga ƙarshe har ruwan ya fito garau. Kada a zura waya ko tsinke, za su huda robar.

Ɓarakar murfi ita ce ta biyu. Busasshiyar tawada, zaren takarda, ko silin gashi guda da ya gitta a kan leɓen roba ya isa ya buɗe wa iska hanya. Famfo kuwa abin da ya fi sauƙin ja shi yake ja, kamar mai shan lemo da tsinken da ya tsage. A goge leɓen da magogin da jiƙaƙƙen ƙyalle maras gashi, a duba ko ɗan sifirin da ke ɗaga murfin ya fita daga gurbinsa. Idan robar ta taurare ko ta tsattsage, sai sauyi.

Ta uku gajiyar tiyo ce. Robar da aka danne sau dubbai takan lanƙwame ta kasa komawa siffarta, tamkar hanjin da tsokarsa ta saki. Tayoyi na juyawa, amma babu buɗewar da za ta jawo ruwa. Wani lokaci kuma tiyon kan tsage a inda taya ke bi, sai a tarar da tawada ta jiƙa gidan famfon. Ba a yi wa wannan faci. A sauya shi da mai faɗi da kauri iri ɗaya, domin wanda ya fi kauri zai cije giya, wanda ya fi siranta kuma ba zai dannu ruf ba.

Ta huɗu ta giya ce. Yawancinsu na roba ne, kuma sau da yawa karyewarsu sakamako ne na wata cutar: tawada ta zubo ta daskare a gidan famfo, injin ya yi ta turawa har haƙori ya ɓalle. Wanda ya sauya giya bai wanke famfon ba zai sake sayen wata. Haka kuma kada a ɗiga baƙin mai, fetur, kananzir ko tina a wurin, duk suna cin roba.

Ta biyar cikar soso ce. Yawancin firintoci ba sa auna soson, lissafi kawai suke yi na yawan wankin da aka yi, idan ya kai wani adadi su tsaya cak. Na Epson kan sanar da cewa wa'adin soson ya ƙare, na Canon kuma kan nuna lambar 5B00. Masu gyara da dama kan share lissafin da kwamfuta su bar tsohon soson a ciki. Na'urar za ta tashi, amma wata rana tawada za ta malalo a kan tebur, ko ta kai ga allon lantarki ta ƙone shi. Wasu kuma kan karkato da tiyon zuwa kwalba a waje. Dabarar tana aiki idan kwalbar tana daidai da gindin firinta kuma tana da ƙofar iska. In ta yi sama shara za ta koma murfi, in ta yi ƙasa ainun za ta iya zuƙo tawada mai kyau. Abin da ya taru a kwalbar kuma a nisanta shi daga yara da rijiya.

Hunturu, Zafi da Ɗauke Wuta

Masu ƙera waɗannan na'urori kan rubuta cewa a yi aiki da su a zafin da ke tsakanin digiri 10 da 35, da laimar iska tsakanin kashi 20 da 80 cikin 100. A Kano, Sakkwato ko Maiduguri zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, laimar iska kuma a tsakiyar hunturu kan faɗi ƙasa da kashi 20. Ma'ana, watanni da dama a shekara firinta na aiki ne a wajen iyakar da aka gina ta a kai. Tawada na saurin bushewa a murfi da tiyo, ƙurar hunturu kuma na cakuɗuwa da ita ta zama laka a kan leɓen roba.

Ɗauke wuta na ƙara dagula al'amarin. Idan aka kashe firinta da maɓallinta, takan mai da kan feshi mazauni ta rufe shi kafin ta mutu. Idan wuta ta yanke tana tsakiyar aiki, ko aka kashe ta daga soket, kan zai kwana a buɗe, famfon ma zai iya tsayawa da taya a kan tiyo. Saboda haka rigakafin ba shi da tsada: a kashe ta da maɓallinta, a kunna ta da zarar wuta ta dawo don ta rufe kanta, a lulluɓe ta da ƙyalle bayan aiki, a buga shafi mai launi ko sau ɗaya a mako, a kuma goge murfi da magogi lokaci-lokaci, musamman daga Nuwamba zuwa Maris.

Kammalawa

Darasin da ɗalibin ilimin halittu ke koya tun a shekarar farko shi ne cewa halitta ba ta rayuwa da ci kaɗai, sai da fitar da shara, kuma idan ƙoda ta gaza alamar kan bayyana a fuska da ƙafafu, nesa da inda cutar take. Ratsin da ke kan takarda irin wannan alama ce. Mai gyaran da ya bi hanyar shara zango-zango, daga murfi zuwa tiyo, daga famfo zuwa soso, da sirinji guda da 'yan ɗigon ruwa, zai san cikin rabin sa'a ko kan feshi ne ya mutu ko ɗan tiyon da bai kai tsawon kamu biyu ba. In an yi gwajin duka, tsotso ya tabbata lafiya, gibin kuma ya ƙi gushewa, to a lokacin ne zancen sayen sabon kai ya taso.